Wai tsofaffi ne ba sa son rajista? Haba malam!

Wallahi da na so in yi shiru a kan hoton nan da kuke ta turo min, na tsohuwar da jikokinta biyu suka ciccibo a kan kujerar roba suna hawa bene da ita don kawai a ɗau hotonta a sa sunanta a inshorar lafiya. Amma sai ga wani bawan Allah, mai ilimi fa, da tabarau da komai, ya zo ƙarƙashin hoton ya rubuta wai matsalar mutanenmu jahilci ne, gwamnati ta kawo abu kyauta amma tsofaffi da naƙasassu ba sa fitowa su yi rajista. Ba sa fitowa! Malam kai da kake da ƙafa biyu lafiyayyu da mota da data a waya, kai ne za ka zauna kana ba gurgu laifin rashin fitowa? To madalla. Allah ya ƙara basira.

Magana ɗaya ce nake da ita kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: rajistar tsoho da mai buƙata ta musamman, gida ake kai masa ita. Ba a kiransa ya zo. Duk wani tsari da ya ce ɗan shekara 80 mai ciwon gwiwa ya taso daga can cikin Rigasa ko Hayin Banki, ya hau Keke Napep biyu, ya tsaya layi a rana, ya hau bene, a ce masa babu netwok ya dawo jibi, wannan tsarin ba don shi aka yi ba ko da kuwa sunansa ne a rubuce a jikin allon da aka kafa a bakin ƙofa.

Kuma kar wani ya zo min da zancen wai ai alfarma ake musu. Ba alfarma ba ce. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS ɗin da aka ƙaddamar tun 2005 wadda kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kawai suka san daɗinta. Sabuwar dokar ta ce inshorar lafiya dole ce a kan kowane ɗan Najeriya, sannan ta ware asusu na musamman domin masu rauni, ta kuma faɗi su waye: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da talakan da ba shi da ko sisi. Tun kafin ita ma akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma rabin kuɗin an ce a biya wa mutane magani da shi ta hanyar inshora. Mu nan Kaduna muna da tamu hukumar taimakekeniyar lafiyar, KADCHMA, tun 2018. A takarda dai babu abin da ba a ba tsohon nan ba. To idan doka ta ce dole ne kowa ya shiga, kuma ta ce ga waɗanda za a biya musu, dolen ta hau kan wa kenan? Kan makahon da sai an ja masa sanda, ko kan mai albashi da motar ofis?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mun IYA kai abu gida gida a ƙasar nan. Mun iya sosai. Masu allurar shan inna wace ƙofa ce ba su ƙwanƙwasa ba? Lungun da babur ma ba ya shiga sai ka ga 'yan matan nan da hijabi da akwatin sanyi a rataye, su ɗiga wa yaro a baki, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango su wuce, kuma da wannan naci aka kai ga 2020 aka ce Najeriya ta rabu da cutar. Mai raba takardar kuɗin wuta bai taɓa ɓatan hanyar gidanku ba ko wata guda aka yi ba a ga wuta ba. Lokacin zaɓe kuwa ai ba a magana, tsohuwar nan da aka ciccibo, na rantse ranar zaɓe mota ake turo mata har ƙofar gida, a ce Hajiya sannu, Hajiya a hankali, a sa ta gaban layi. Ranar an san gidanta. Ranar an san ba ta iya tafiya. Sai a zancen lafiyarta ne gidan ya ɓace daga taswira.

Na san me za ku ce, don an riga an fara faɗa min. Wai babu kuɗin da za a bi gida gida. Toh. Akwai kuɗin rumfa da kujeru da riguna masu tambari da ruwan gora ranar ƙaddamarwa dai ko? Mu wuce.

Wai idan aka bi gida za a yi maguɗi, a cusa sunayen 'yan uwa da abokai. Yanzu da ake kiran mutane wuri ɗaya ba a cusawa kenan? Ai layin ma shi ne ya fi ba mai ƙarfi dama, wanda ya iya turereniya shi ke shiga, mai shanyewar ɓarin jiki yana kwance a ɗaki bai ma ji labari ba. Jihar nan mazaɓu 255 gare ta a ƙananan hukumomi 23, kowace mazaɓa da asibitin sha-ka-tafi da aka ware mata, kowace unguwa da mai unguwa da limami ko fasto da ya san gidan da ake jinya. Muna da Sarkin Makafi, muna da Sarkin Guragu, muna da Sarkin Kutare, sarautu ne da muka gada kuma sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki ma'aikaci ɗaya da na'ura a haɗa shi da waɗannan mutanen su zaga, a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa, mu ga ta inda sunan ƙanin kansila ɗan shekara 30 zai shiga jerin tsofaffi.

Wai ai 'ya'yansu ne ya kamata su kai su. Wannan ita ce ta fi ban dariya. Wanda yake da ɗa mai hali da lokaci ai ba shi aka yi wa asusun masu rauni ba tun farko. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta duk sun riga ta, akwai wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Birnin Gwari ko Giwa yana raɓe a zauren wani, akwai wanda ɗan nasa ɗan dako ne a kasuwar Bacci, in ya bar aiki yini ɗaya ya raka baba ranar ba a ɗora tukunya.

Sannan a zo maganar takardu. A ce kawo lambar NIN. Mutumin da ya yi shekara 60 yana riƙe fartanya, zanen yatsunsa ya shafe, na'ura ta ƙi ɗauka. Wanda kuturta ta cinye masa yatsu fa, me zai ɗora? INEC a zaɓen 2023 ta yi amfani da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, in yatsa ya ƙi sai a ɗauki fuska, don ƙuri'a ba ta da wasa. Kurma ya zo babu mai yi masa bayani da hannu, a miƙa wa makaho fom a ce ya cike. Kuma benen nan da nake ta magana, dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, ku lissafa da kanku ku ga ko wa'adin bai wuce ba.

Ba wai ina yabon Amurka ba ne, su ma tsarinsu cike yake da tsada da ruɗani har tara suke cin wanda ya makara bai shiga ba. Amma inshorar lafiyar gwamnatinsu, Medicare, da suka kafa a 1965 don 'yan shekara 65 zuwa sama, suka ƙara masu naƙasa a 1972, wanda ya riga ya fara karɓar kuɗin fanshon gwamnati ba ya zuwa ko'ina, da shekarunsa sun cika sai kawai kati ya iso masa ta gidan waya. Sun san da shi, shi kenan. Mu ma ai akwai rajistar talakawa da aka bi gari gari aka tattara don rabon tallafi, sunayen suna nan a kwamfuta.

Yanzu tsakani da Allah, ban da wasa. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ciwon tsufa kuma ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe, hawan jini da ciwon suga kullum ne har ƙarshen rai. Na sha ganin dattijo a kemis yana cewa a ba shi na kwana biyu, ya raba ƙwaya gida biyu don ta kai shi Juma'a, in kai ya daina ciwo ya ajiye, wata rana da asuba a tarar da shi a ƙasa baki ya karkace, daga nan kuma sai sayar da akuya da keken ɗinki. Katin nan ba zai warkar da komai ba, wani lokacin ma ka je da shi a ce maganin ya ƙare, amma yana sa a auna jinin mutum a kan kari ba tare da yana tsoron abin da za a ce ya biya ba. Don haka kafin masu abin su farka, in akwai tsoho ko mai naƙasa a layinku, ka shiga asibitin mazaɓarku ka tambaya yaushe ake ɗaukar masu rauni da me ake buƙata, ka je kai kaɗai tukuna, kar ka wahalar da shi sai ka tabbatar. Lada ne. Amma kar wannan ya sa a ce an sauke nauyi, har yanzu ina kan bakana, gida ya kamata a je.

Af, tunda ana maganar rajista, don Allah admin-admin na guruf ɗin WhatsApp na dangi ku ji tsoron Allah da link ɗin nan da kuke turowa, wai danna nan ka cike sunan iyayenka a ba su katin asibiti da dubu hamsin kyauta, tura wa mutum 15 kafin ya buɗe. Wa ya taɓa ganin gwamnati ta ce sai ka tura wa mutum 15? Suna tambayar BVN da lambar da aka turo maka a waya kuna ba su. Gwaggona ta turo min shi har da saƙon murya tana ce min in yi sauri kafin a rufe, kuma wanda ya tura mata malamin makaranta ne fa.