Wa'azi a coci yake tsayawa, waƙa ce ke bin mu gida

Jiya Lahadi bayan an tashi sujada, ina tsaye a bakin cocinmu nan Sabon Gari ina jiran adaidaita, sai na tambayi wasu samari uku a kan me Baba Fasto ya yi wa'azi. Ɗaya ya sosa ƙeya. Ɗaya ya ce, "Yaya, wani abu ne dai a kan haƙuri." Na ukun bai ma ji ni ba, yana ta rera amshin waƙar da aka yi lokacin baiko, har da kaɗa kai. Wa'azin kusan awa guda ya bi iska tun ba a kai titi ba, amshi mai layi biyu kuwa zai raka yaron nan har Asabar.

Shi ya sa nake cewa shugaban mawaƙa malamin tauhidi ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa haɗa baƙi ba. Amma ita ce mai buga tulu a Zumuntar Mata. Ina ganinta har yau, ta ɗora tulun a cinya, tana dukan bakinsa da ɗan matashin soso, kacau-kacau na amsa mata daga baya. Duk abin da ta sani game da gicciye, da tashin Almasihu, da gafara, a waƙa ta haddace shi. Da a ce an cusa mata karkatacciyar koyarwa a cikin waƙoƙin nan, da ita za ta shiga kabari, mu ma da ita za mu tashi.

Kuma an taɓa yi. Ariyus, wani firist a Iskandariya ta Masar, ya koyar da cewa Ɗan Allah, wato Almasihu, halitta ne, wai akwai lokacin da babu shi. Bai tsaya ga muhawara da malamai ba, sai ya mayar da koyarwar waƙoƙi, matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya suka ɗauka. Sai da aka tara bishop-bishop a Nikiya a shekarar 325 kafin a yanke hukunci a kan maganar, kuma ko bayan nan rigimar ta daɗe ba ta mutu ba.

Kada wani ya ce ina ƙin kiɗa. Zabura ta 150 da kanta ta ce a yabi Ubangiji da ƙaho da garaya da ganga da rawa. Gardamar dai tsohuwa ce. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya furta cewa idan daɗin murya ya fi ma'anar kalmomin taɓa shi, yakan ga ya yi zunubi. Martin Luta a Jamus ya ce in an cire tauhidi babu abin da ya kai waƙa daraja, ya zauna ya tsara wa talakawa waƙoƙi da Jamusanci. Kalbin, wani jagoran gyaran coci a Janeba ta Suwizalan, ya ce Zabura za a rera, ba kayan kiɗa. Takwaransa Zwingili kuwa, shi da ya iya kiɗa sosai, a zamaninsa aka rufe bakin kayan kiɗa a majami'un Zurik. Mu 'yan Kano ba baƙi ba ne ga irin wannan, mun sha jin maƙwabtanmu Musulmi suna tafka tasu a kan bandiri. Duk cikinsu babu wanda ya raina waƙa. Ƙarfinta ne ya sa suke kaffa-kaffa da ita.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da muke rerawa yanzu. Ku saurara da kyau. Maƙiyina zai faɗi, bana shekarata ce, zan hau mota, zan gina gida. Daga "ni" sai "nawa". A yi ta maimaita layi ɗaya, lasifika na neman fasa dodon kunne, har tsofaffi su haƙura su yi shiru don ba sa jin ko muryarsu. Gwauruwar da ke zaune a benci na baya, wadda mijinta bai yi wata biyu a ƙasa ba, wace waƙa muka tanadar mata? Zabura guda 150 ce a Littafi Mai Tsarki, kuma da yawa daga cikinsu kuka ne da ƙorafi. Ta 88 ma a duhu ta ƙare, ba a lallashi kowa ba. Yesu a kan gicciye farkon Zabura ta 22 ya ɗauko. A daren da aka bashe shi ma sai da suka yi waƙa shi da almajiransa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Bulus da Sila da tsakar dare suka rera tasu a kurkukun Filibi, bayansu duk shatin bulala.

Ranar Alhamis akwai gwajin waƙa da yamma. Zan je da biro da takarda, in roƙi ƙanena shugaban mawaƙa ya rubuta min kalmomin waƙoƙin Lahadi mai zuwa, mu karanta su a bushe, ba ganga ba jita. Na san zai ce na tsufa. Zan tafi masa da tsohon littafin waƙoƙin da nake karanta wa Mama, wanda bangonsa ya yage aka ɗinke da zaren buhu.