Wai Gwaggo Ta Rikice

Duk wanda ya ce min Gwaggo ta rikice, ni da shi sai a lahira.

Da Babbar Sallah na je gida, na ja surukina, mijin babbar 'yata, mu gaishe ta. Yaron nan har yau sai ya cire takalmi ya durƙusa yake gaishe ni. Tun a zaure aka ja min kunne wai ba ta gane kowa, jiya ma sau uku ta yi la'asar, tana ta tambaya ko an kai wa Malam tuwo, Malam da ya rasu tun mulkin Abacha.

Na durƙusa. "Gwaggo, barka da sallah."

"Ɗan wa?"

Na faɗa. Ta sake tambaya, na ɗaga murya. Ta ƙura min ido, ta daina mamular dakakken goronta, sai ta tafa hannu.

"Au! Amalala!"

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Matar da ba ta san ko ta karya kumallo ba, ita ce ta kawo shekara: lokacin da soja suka canza kuɗi, 1984. Ta kawo tabarmar, sabuwa fil ta kaba, ko kwana uku ba ta yi ba. Ta kawo yadda aka ɗaura min kwaɗo a ƙugu, yara suka zaga da ni unguwa har bakin masallacin Juma'a. Na ce, "Gwaggo, ai lokacin ina ƙarami." Ta ce, "Ƙarami? Har ka kai izu goma!"

Surukina ya sunkuyar da kai wai yana duba waya, kafaɗunsa sai rawa suke.

Shi kuwa taubashina, kun dai san shi, yana jingine da ƙofa yana zuga ta: "Inna, kwaɗon nan guda ne ko biyu?" Mutumin da ya karɓi kuɗin buhun takina biyu tun daminar bara. Duk sanda na yi magana sai ya dafa goshi, wai shekaru, mantuwa ta yi masa yawa. Amma kwaɗo bai manta ba, har launinsa ya faɗa.

Da muka fito na yi ta lalube aljihu ina faɗa wa ya ɗauke min makullin mota. Surukina ya ce a hankali, "Baba, ai a tawa muka zo."

Har muka iso gida rediyo kawai ke magana.