Ba kullum katin CNC ne yake lalacewa ba

Abin da ke damuna da masu injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, a nan Sakkwato shi ne, da zarar injin ya tsaya a tsakiyar aiki ko ya kauce layi, sai a yanke hukunci cewa katin da ke sarrafa shi ya ƙone, a aika Kano a sayo wani. Zargin yana da dalili, tunda katin ne ke ba da umarni, kuma yakan ƙone ɗin da gaske, musamman in wutar janareto ta yi sama.

Amma sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Saƙon da yake aikawa yawanci na bolt 5 ne kacal. Ita kuwa inbatar da ke ba da wuta ga motar lantarkin da ke juya bakin sassaƙa tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan hargitsin yana tsallakawa cikin duk siririyar wayar da aka ɗaure kusa da tata. Sai katin ya ɗauka an taɓa makunnin iyaka, wanda ke tsayar da injin in ya kai ƙarshen hanyarsa, ya tsaya. Sabo ma haka zai yi.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗaga bakin sassaƙar sama, a kashe motar, a maimaita aikin a iska. In ya kammala lafiya, matsalar tana wayoyi: a raba ta motar da ta saƙo, a sa waya mai rigar ƙarfe, wadda ke tare hargitsin.

A duba wayar ƙasa kuma, wato wadda ke haɗa injin da sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta ɓalle. Da rani ƙasarmu kan bushe ƙamas, sandar ƙarfen da aka kafa ba zurfi ba ta kwashe komai.