Malama ta nuna bidiyo a aji, an ba ta takardar tuhuma

Wallahi tun da na ga takardar tuhumar nan da aka ba malamar Bayoloji raina yake a ɓace. Kun dai ga takardar tana yawo. Laifinta kaf shi ne ta fito da wayarta a aji, ta nuna wa 'yan SS2 bidiyon yadda zuciya take harba jini. Wai ta karya dokar hana waya. Haba malam shugaban makaranta! Dokar da aka kafa don kada yara su riƙa shiga TikTok a bayan aji, ita za ka ɗauko ka ɗora wa mai koyarwa?

Duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya san yadda ake yin darasin nan. Malami ya juya baya, ya zana wani abu kamar mangwaro a allon da ya koɗe, ya raba shi gida huɗu, ya ja kibiyoyi, ya ce a kwafa. Yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa. Tambayi ɗayansu me ya sa jini sai ya bi ta huhu kafin ya zaga jiki, sai ya yi maka zuru. Amma a bidiyo na minti biyu yaro zai ga ƙofofin zuciya suna buɗewa suna rufewa, ya ga jini mai duhu ya tafi huhu ya dawo jawur. Gani ya kori ji. Abin da baiwar Allah nan ta yi ke nan, ta bi layi-layi da waya a hannu don na baya ma su gani.

Na ga masu cewa ai babu wuta a makarantu. Wa ya nemi wuta? Da cajinta ta zo daga gida. Wasu sun ce data tsada. Sau ɗaya ake sauke bidiyo, sauran malamai su karɓa ta Xender. Masu cewa tarbiyya za ta lalace kuwa, ku leƙa Islamiyyar unguwarku, za ku tarar malam ya kunna karatun Husari a 'yar sifika, yara suna bi aya-aya suna gyara harafi. Ban taɓa jin uban da ya kai ƙara ba. To me ya sa sai a boko abin ya zama laifi?

Kuma ba yau aka fara ba. Tun zamanin Turawa motar majigi take shiga ƙauyukan Arewa tana nuna wa kakanninmu tsafta da dabarun noma. Da korona ta rufe makarantu a 2020, ta rediyo da talabijin aka riƙa ba yara darasi. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na intanet. Gwamnati da kanta ta ce a yi, kai kuma shugaban makaranta ka ce a'a. JAMB kuwa tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaran da kake hana su ga allon waya su ne za su je su zauna gaban kwamfuta hannu yana rawa.

Waya a hannun malami kayan aiki ce, daidai take da alli da dasta. A bar malamai su nuna wa yara abin da suke faɗa. Idan tsoro ake kada wani ya wuce gona da iri, a ce ya kawo bidiyon a duba kafin ya shiga aji. Amma malamar da ta kashe kuɗin datarta daga ɗan albashin da bai kai ya kawo ba, godiya ta cancanta, kuma ya kamata a janye takardar nan.