Doka na saurin hukunta yaro, tana jan ƙafa wajen ba shi haƙƙinsa

A Ingila ana iya kama yaro ɗan shekara 10, a gurfanar da shi gaban kotu, a same shi da laifi. Wannan yaron dai ba za a ba shi lasisin tuƙin mota ba sai ya kai 17, ba kuma za a ɗaura masa aure ba sai ya kai 18. Wato dokar da ta ce hankalinsa bai kai ya riƙe sitiyari ba, ita ce ta ce ya isa ɗaukar alhakin laifi tun shekara bakwai kafin nan. Ƙasashe da dama haka dokokinsu suke: in hukunci ne, nan da nan a mai da yaro babba, in haƙƙi ne kuma a ce ya dakata tukuna.

Ba na cikin masu cewa a soke ƙayyade shekaru. Babu hukumar da za ta iya auna hankalin matasa ɗaya bayan ɗaya, dole a tsayar da iyaka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma duk ƙasashen Majalisar sun tabbatar da ita in ban da Amurka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta 1973, ta sa 15 a matsayin shekarun fara aiki, 18 kuma ga aiki mai haɗari. Waɗannan iyakoki kariya ce. Abin da ke damuna shi ne yadda aka jera su, na gaba a baya, na baya a gaba.

Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen gaba, mai kula da hangen nesa da danne zuciya, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya haura shekara ashirin. Duk wanda ya yi renon matashi ya san haka ko bai karanta ba. Ka zaunar da ɗan shekara 16 shi kaɗai cikin natsuwa, ka tambaye shi ra'ayinsa, sai ka ji magana mai ma'ana har ka yi mamaki. Ka bar shi cikin abokai, ana zuga shi, jini ya ɗau zafi, sai ya aikata abin da shi kansa zai kasa bayyana dalilinsa washegari. Jefa ƙuri'a aikin natsuwa ne, ana shafe watanni ana sauraron 'yan takara. Laifin yaro kuwa galibi na ɗan lokaci ne, na zuga da fushi. Ashe inda ya kamata a amince da shi nan ake tauye shi, inda ya kamata a sassauta masa kuma nan ake tsanantawa.

Wasu ƙasashen sun gyara. Brazil ta bai wa 'yan shekara 16 damar zaɓe tun kundin tsarin mulkinta na 1988, Austriya ta bi sahu a 2007. Amurka ma sai a 1971 ta sauko daga 21 zuwa 18, bayan matasan da ake turawa yaƙin Vietnam sun ce wanda ya isa ɗaukar bindiga ya isa jefa ƙuri'a. A ɓangaren hukunci, Jamus ba ta tuhumar wanda bai kai 14 ba, kuma a 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya nemi ƙasashe su ɗaga iyakar zuwa aƙalla 14. Ina goyon bayan wannan ƙwarai.

Na san wanda aka soka wa ɗa wuƙa ba ruwansa da shekarun wanda ya yi sukar, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba. Ɗaga shekarun tuhuma ba sakin yaro ya tafi abinsa ba ne. Akwai gidan gyaran hali, akwai biyan diyya, akwai sa iyaye su amsa tambaya. Amma ɗan shekara 12 da aka kulle ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun masu laifi, abin da zai koyo a wata shida ya fi wanda ya kai shi can muni, kuma al'umma ce za ta karɓe shi in ya fito.

Sai kuma maganar takardar haihuwa, wadda miliyoyin yara a duniya ba su da ita. Yaro na tsaye gaban kanta a ofishin 'yan sanda, jami'i ya dubi tsayinsa, ya dubi ɗan gashin da ya fara tsiro masa a haɓa, ya rubuta 19. Uwa na gefe tana rantsuwa cewa 15 yake, amma ba ta da abin nunawa. Da wannan lamba guda ya fita daga kotun yara ya faɗa ta manya, duk kariyar da yarjejeniyar 1989 ta tanadar masa ta wuce shi. Kwamitin nan na haƙƙin yara ya ce in aka yi shakkar shekaru a ɗauka yaro ne, kuma ya kamata kowace ƙasa ta rubuta hakan ƙarara a dokarta, ta sa rajistar haihuwa ta zama kyauta tun daga ɗakin haihuwa.