Ba kowace ƙasa ke son kuɗinta ya yi tsada ba

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka duk ƙasar da kuɗinta ya yi arha ta shiga uku. Wanda ya ga yadda naira ke zubewa ba za a ga laifinsa ba. Amma akwai ƙasashen da da gangan suke danne darajar kuɗinsu.

Dubi China. Daga 1997 zuwa Yulin 2005 ta kafe kuɗinta, yuwan, a kan kusan 8.28 a dala ɗaya. Babban bankinta ya yi ta sayen dala yana jibgewa don kada yuwan ya yi tsada, har ajiyar ƙasar ta kusa kai dala tiriliyan 4 a 2014. Sai kayan China suka yi arha a waje, na waje kuma suka yi tsada a China. Ɗan kasuwa a Amurka da ya ga kujerun China sun fi na gida sauƙi, me zai jira? Ayyukan masana'antu a Amurka suka ragu daga kusan miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010, kodayake injuna masu sarrafa kansu da rikicin tattalin arzikin 2008 ma suna da hannu.

To me ya sa faɗuwar naira ba ta farfaɗo da masaƙun Kano da Kaduna ba? Domin dabarar sai mai sana'ar da zai sayar a waje. Masaƙarmu da dala take sayo rini da kayan gyara, janareta kuma ya sha dizal dare da rana. Shi ya sa har yau atamfar China ce ta cika Kantin Kwari.