Depite 30 gare mu a Tawa a zaɓen 2020, amma wanne ne naka?

'Yan uwa ina son mu yi maganar jahar Tawa tun yanzu kafin zaɓe ya dawo, don in ya dawo hayaniya ce kawai ba mai sauraren wani. Tun 26 ga Yuli 2023 babu majalisar dokoki, partuttukan siyasa ma an rushe su a 2025, to yanzu ne mutum ka iya faɗin ra'ayinshi ba a ce ai ɗan parti kaza ne.

Majalisar da anka zaɓa a 2020 kujeru 171 ne, jaharmu na da 30, ga kuma ta Tassara daban wadda anka ware ma Larabawa. Ji fa, 30! Amma je ka Bouza ko Keita ranar kasuwa ka tambayi dattijo wane ne depitenku, sai ya ce maka shi dai ruwan hoda, wato launin partin PNDS Tarayya, ya dangwala ma. Kuma ba laifinshi ba ne, tsarin ne haka, duk jahar mazaɓa guda ce, lis ɗin parti ake zaɓe ba mutum ba, lis ɗin kuwa a Yamai ake tsara shi, wanda sunanshi ya hau sama ya wuce ko da bai taɓa kwana ƙauyenku ba. To wa zai ji ma tsoro, kai ko manyan parti?

Kuma jahar nan ba iri guda ba ce. Mai albasa a Galmi damuwarshi rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da farashi da iyakar Konni, ya ga ta kanshi sa'adda anka rufe ta a 2023. Malbaza siminti. Makiyayin Abalak da Tchintabaraden rijiya da tsaro, mutanen Tillia har gobe ba su manta da mutum 137 da anka kashe a watan Maris 2021 ba. Sai Adarawa, mu da cin rani ya zame ma gado, Abidjan, Libiya, Najeriya, Kamaru, kuɗin da suke aikowa su ke riƙe da gidaje, amma duba lokacin da ake zaɓen, Fabrairu a 2016, Disamba a 2020, daidai sa'adda samari sunka tahi, sai ka tarar da layi mata da tsofaffi ne sunka cika shi, a raba musu atamfa da sabulu a wuce.

Kowa ya san kafin a rushe partuttuka Tawa gidan Tarayya ne, Issoufou Mahamadou ɗan Dandaji ne cikin Illéla, shekara 10 ya yi bisa mulki. Ba na cewa ba a yi komai ba, Tahoua Sakola, wato ayyukan bikin 18 ga Disamba na 2017, ta gyara birni, wannan gaskiya ce. Amma kujerar da an san ba ta kuɓucewa ba a wahala a kanta, wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ya ga yadda ta lalace ya san abin da nake nufi.

Ni dai abin da nake so, departama 12 gare mu ban da birni, a mai da kowane mazaɓa, ɗan takara ya zama mazaunin wurin, sunanshi da hotonshi bisa takardar zaɓe. Na san za a ce masu kuɗi da 'ya'yan sarakai za su kwashe, ƙabilanci ya taso. E, ana iya haka. Amma ko ba komai in foraj ya lalace mun san ƙofar gidan da za mu je mu yi sallama.